Ɗan kokawar yashi zai koma tapi: libir ko Gireko-Roman?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema. Akwai samari huɗu a unguwarmu nan Garwa, 'yan shekara 16 zuwa 19, da suka yi suna a kokawar gargajiya ta yashi, har mutane na ta cewa su koma kokawar tapi, wato ta kan katifar kokawa, irin wadda ake yi a gasar Afirka da ta duniya. Biyu ba su kai kilo 65 ba, ɗaya yana wajen 75, babbansu ya kusa 90. Tsakanin salonta biyu, libir da Gireko-Roman, wacce ta fi dacewa da yaron da ya tashi a yashi? Yaya ake ƙirga maki, tunda mu a wurinmu kaye ɗaya ne an tashi? Ba mu da tapi tukuna. A faɗa mana gaskiya ko da ɗaci.

Mai Usur ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da lissafin maki, don idan ka gane shi zaɓin ba zai ba ka wuya ba.

Hukumar kokawa ta duniya da ke riƙe da dokokin ita ce UWW, wadda kafin 2014 ake kira FILA. Wasan manya da na 'yan ƙasa da shekara 20 turmi biyu ne, kowanne minti 3, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. 'Yan ƙasa da 17 minti bibbiyu suke yi. Fagen da'ira ce mai faɗin mita 9, mita ɗaya na bakinta launin ruwan lemo ne, daga shi sai waje. Alƙalai uku ne: mai usur a tsakiya, ɗaya a gefe, da shugaban tapi a tebur, kuma maki ba ya hawa allo sai biyu cikin ukun sun yarda.

Kayen da ke tashin wasa nan take guda ɗaya ne tak: a danne allunan kafaɗa biyu a tapi lokaci guda, alƙali ya gani, shugaban tapi ya tabbatar. Gwiwa ta taɓa ƙasa, hannu ya dafa, ko ma mutum ya faɗi zaune, duk ba kaye ba ne, wasa na tafiya. A nan ake fara cin yaran yashi. Yaro zai maka abokin karawarsa da ƙasa, sai ya sake shi ya miƙe yana ɗaga hannu, alhali a lokacin ne ya kamata ya bi shi ya danne.

Idan ka kai mutum ƙasa, ka zagaya bayansa ka mallake shi gaɓoɓinsa uku na kan tapi, misali gwiwa biyu da hannu ɗaya, kana da maki 2. Ka mirgina shi har gadon bayansa ya karkata ya fuskanci tapi, 2 ne ko da kafaɗun ba su taɓa ba, kuma kana iya maimaitawa a jere. Ka ɗauke shi daga tsaye ka jefa shi ya sauka bayansa na fuskantar tapi, 4. Idan jifar mai tashi sama ce, ya yi baka a iska kafin ya sauka a haka, 5. Na ƙasa ya kuɓuce ya hau bayan na sama, 1. Ƙafarka ta fita da'ira gaba ɗaya kana tsaye, abokin karawarka ya sami 1, sai dai turi tsagwaro da miƙaƙƙun hannuwa ba a biyansa. Tazara ta kai 10 a libir, ko 8 a Gireko, an tashi wasa.

Sai noƙewa. A yashi mutum biyu kan daɗe suna duƙe suna latsa juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi sake. Tapi ba ta yarda da wannan haƙurin. A libir za a fara yi wa mai noƙewa gargaɗi da baki, in ya sake a ɗora masa agogon daƙiƙa 30. Ba a ci maki a ciki ba, an ba abokin karawarsa 1. Idan minti 2 suka cika a turmin farko allo na nuna babu-babu, dole alƙalai su nuna wanda za a ɗora wa agogon. A Gireko hukuncin ya fi zafi: a ba wancan 1, kuma a ba shi zaɓin a kwantar masa da kai rub da ciki a tsakiyar fage. Gargaɗi mai rubutu uku, an kore ka. In an tashi kunnen doki a libir, ana duba wanda ya yi kamu mafi tsada, sannan mai ƙarancin gargaɗi, sannan wanda ya ci maki na ƙarshe. Shi ya sa 4 da 4 ba daidai ba ne idan ɗaya jifa guda ya yi, ɗayan kuma biyu-biyu ya tara.

Bambancin salon biyu kuwa a ƙugu yake. A Gireko ba ka kama komai daga ƙugu zuwa ƙasa, ba ka taɗiya, ba ka harɗe ƙafa, ba ka ko kare kanka da ƙafa. A libir duk an halatta. Yaron da ya tashi yana cafkar cinya yana taɗe mutane, ka kai shi Gireko ka raba shi da rabin makamansa, kuma ƙafarsa za ta riƙa harɗewa da kanta tana jawo masa gargaɗi. Ni dai a ganina su huɗun su fara da libir.

Koci na Marwa ya amsa:

Allah Ya saka, Malam Mai Usur, na yarda da libir. Amma ɗan'uwa na Garwa, sanin maki ba ya hana a cinye yaro 10 da babu cikin minti ɗaya. Ga yadda abin ke faruwa: a kai shi ƙasa 2, a tattara idon sawunsa a harɗe, a mirgina shi sau huɗu, 8, shi ke nan an tashi bai yi gumi ba. Ba ƙarfi aka fi shi ba. Bai taɓa kokawa a kwance ba ne. Don haka watanni ukun farko, rabin kowane atisaye a ƙasa za a yi shi.

Abu na farko shi ne faɗuwa. Da zarar yaro ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa ya san ba makawa, ya juya tun a iska ya sauka rub da ciki. Ba zaune ba, ba ta gefe ba, balle ya miƙa hannu ɗaya ya tokare, nan gwiwar hannu ke gocewa. Yana sauka ya baje: ƙugu manne da tapi, kai sama, hannuwa a buɗe gaba, gwiwoyi a ware. Mai son harɗe maka ƙafa sai ya haɗa idon sawunka biyu wuri ɗaya, don haka kada ka bari su haɗu, ka riƙa ja da baya kana tura gwiwa waje. Mai son rungumar ciki kuwa, kada ka bari hannunsa ya shige ƙarƙashin cibiya. Idan ya riga ya ƙulle, ka kai nauyinka ɓangaren da yake son mirgina ka, ka miƙa hannu da gwiwar wannan ɓangaren su zama turke, kana rarrafawa gaba. Alƙali ba ya daɗewa yana jira. In na sama bai yi komai ba zai busa ya tashe ku. Daƙiƙun nan kaɗan ne ake so yaro ya iya jurewa.

Na sama kuma ya koyi rungumar ciki da kyau, don da ita ake cin mafi yawan maki a ƙasa a salon biyu. Hannuwa su ƙulle a ƙasan haƙarƙari, tafi cikin tafi ba a saƙa yatsu ba, gwiwoyin hannu a matse. Kai da ƙirji manne da bayansa. Ka cusa gwiwarka ƙarƙashin ƙugunsa ta ɓangaren da za ku tafi, ka tuƙa da yatsun ƙafa gaba tukuna, sannan ka gantsare ka wuce da shi ta kan ƙirjinka. Kuskuren da aka fi yi shi ne mirginawa da ƙarfin hannu ba a gantsare ba. Sai ka tsaya a rabi, bayanka a tapi, shi yana kanka, maki su koma nasa, wani lokaci har kaye. Wannan ya sa gantsarewa a kan goshi da ƙafafu take zama abincin kullum, minti biyar, amma a fara da dafa hannu biyu, sai wuya ya yi ƙwari bayan makonni sannan a cire hannun.

A tsaye ma akwai gyara. Ɗan yashi ya saba gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa, don haka in zai kama ƙafa sai ya sunkuyo daga ƙugu, kai ƙasa, hannuwa a miƙe. A tapi wannan kyauta ce: za a danna masa ƙeya, a kama kai da hannu ɗaya, a zagaya bayansa, 2. Shigar da ake so, ka sauke tsayinka da lanƙwasa gwiwa baya a miƙe, ka taka ƙafar gaba tsakanin ƙafafunsa, gwiwarka ta sauka a tapi ta wuce da kai, kanka sama manne da gefen cikinsa, hannuwa bayan gwiwoyinsa, ka jawo ƙafar baya ka tuƙa shi gefe. Kariyarta kuma, ka watsa ƙafafu baya ka sauke ƙugunka a kan kafaɗarsa. A yi sau 30 kowane ɓangare kullum har jiki ya manta da tsoron gwiwa.

Numfashi: a yi atisaye da agogo, minti 3, hutun daƙiƙa 30, minti 3, a maimaita sau huɗu ko biyar da sababbin abokan karawa, don a babbar gasa kana iya yin wasa huɗu a yini ɗaya.

Batun rashin tapi. In za ku samu aron katifun judo, kowacce mita 2 ce a mita 1, guda 18 za su ba ku fili mita 6 a 6, ya isa mutum huɗu. A matse su da katako ta gefe, a rufe da tamfol ɗaya a ɗaure tamau, don ramin da ke tsakanin katifu shi ke karya yatsan ƙafa. In babu, a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika da ƙaiƙayin shinkafa ko garin katako, a daddaɓe, a shimfiɗa buhuna sannan tamfol. Yana kwantawa a tsakiya, sai ana buɗewa ana baje shi duk mako. A yi shi a inuwa, kuma atisaye bayan Asuba ko bayan La'asar, tamfol da ya sha rana yana saɓule fata. A kan irin wannan fage ban yarda a yi jifa ta baya ba.

Baba na Kusiri ya amsa:

Yarana, kun yi bayani mai kyau, amma kada ku yi saurin rufe ƙofar Gireko ga babban nan mai kilo 90. Ba kowane ɗan yashi ne mai kama ƙafa ba. Duk wanda ya kalli kokawar mutanen Masa a Yagwa ko Bongor ya san akwai masu cin mutum da ƙirji da ƙugu, su rungume su cicciɓa. Manyan jiki sau da yawa ba sa son duƙawa, kuma gwiwarsu ba ta jure shiga ƙasa sau ɗari a rana. A dube shi: in ƙarfinsa a runguma yake, Gireko gidansa ce. Zinaren da Karam Gaber na Masar ya ci a Olamfik na Atens a 2004 a Gireko ne, ajin kilo 96, kuma Mijain Lopez na Kyuba da ita ya ci zinare biyar a jere daga 2008 zuwa 2024.

Kuma ku tuna UWW tana da kokawar yashi tata. Da'ira mita 7, minti 3, a tsaye kaɗai, wanda ya fara kai maki 3 ya ci. Wannan yaranku za su iya shiga ba sai sun jira tapi ba.

Koci na Marwa ya sake amsawa:

Baba, maganar kokawar yashi ta UWW gaskiya ce, ita ce mafi kusa da abin da suka iya. Ta Gireko ce nake da ja, da girmamawa. Da wa babban nan zai yi atisaye? Na kusa da shi kilo 75 ne, kuma libir zai yi. Gireko ta yau mafi yawanta a ƙasa ake yanke ta: a ba ka 1 na noƙewar abokin karawa, ka mirgina shi sau huɗu, 9 da babu. Wanda bai da abokin da ya kai nauyinsa yana ɗaga shi daga kwance kullum ba zai koyi karewa ba. Ga Masar da Aljeriya da Tunisiya da Maroko sun daɗe da kafuwa a wannan salon a gasar Afirka. A libir ƙasashen kudu da Sahara sun fi samun kafa: Augusto Midana na Gini Bisau ya je Olamfik sau huɗu, Blessing Oborududu ta Najeriya ta ci azurfa a Tokyo a kilo 68, Annabelle Ali tamu ta Kamaru ita ta riƙe tuta a Landan a 2012. Babban nan ya yi shekara ɗaya a libir yana amfani da rungumarsa, babu dokar da ta hana jifa daga ƙirji a can. In daga baya ya samu wurin da ke da tapi na gaske da manyan jiki, sai ya sauya.

Hajiya Nas ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta wajen sikeli da lafiya zan shigo, don yaro na iya faɗuwa tun bai taka tapi ba.

Ajin maza manya a libir goma ne: kilo 57, 61, 65, 70, 74, 79, 86, 92, 97 da 125, kuma 'yan ƙasa da 20 su ma da su suke amfani. Shida kawai ake yi a Olamfik: 57, 65, 74, 86, 97, 125. Ɗan shekara 16 ɗin yana da nasa jerin na 'yan ƙasa da 17: 45, 48, 51, 55, 60, 65, 71, 80, 92, 110. Mai 75 zai iya sauka 74 ba wahala. Mai kusan 90 ya tsaya a 92, kada a matsa masa zuwa 86 yana cikin girma.

Awo da safiyar ranar wasa ake yi, sanye da rigar kokawa, ba daren jiya ba. A gasar duniya da Olamfik kowane aji kwana biyu yake ɗauka, wanda ya kai rana ta biyu sai ya sake hawa sikeli, kuma lokacin da ake bayarwa minti 15 ne maimakon 30 na ranar farko. A manyan gasa ba a yafe ko giram ɗaya. A Olamfik na Faris a 2024 Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe a kilo 50, washegari ta haura da giram 100, aka cire ta ba ko lambar azurfa. Wanda ya matse jikinsa da ƙishirwa ya sauke kilo huɗu a dare ɗaya, zai hau tapi bayan awa biyu ƙafafu na rawa, ya sha ya ci, gobe kuma nauyin ya dawo. In za a rage, a fara wata biyu kafin gasa, rabin kilo a mako, ta hanyar rage mai da sukari da soye-soye. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, sa yaro ya yi gudu cikin rigar leda na iya kashe shi ko ya lalata masa ƙoda. Bayan awo a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, da kunu ko ayaba, ba tuwo mai nauyi ba.

Ƙwayar sa fitsari irin Lasix haramun ce a dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Tramol ma an haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma mun san yadda ya yi yawa a hannun samari a nan. Haka jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi da ba a san abin da aka zuba ciki ba: abin da aka gani a fitsarinka kai za a kama, ba a tambayar wa ya ba ka.

Likita na duba fata a wurin awo. Makero ko ƙurji mai ruwa na iya hana yaro wasa, kuma tamfol ɗaya ke yaɗa shi ga kowa. A goge shi da ruwan Javel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, da aka tsarma kafin kowane atisaye, a yi wanka da sabulu da an gama, kowa da tawul ɗinsa. Farce a yanke ƙasa-ƙasa. Ba a shafa mai a jiki, ba zobe, ba laya, ba guru, ba kambu. Gara a gaya musu wannan tun a gida, kada a tuɓe wa yaro a bakin fage hankalinsa ya tashi.

Ɗan Garwa ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Allah Ya ƙara girma. Za mu fara da ramin ƙaiƙayi. Saura ɗaya: ta wace hanya yaro daga Arewa ke kaiwa ga babbar gasa, kuma in an kayar da shi wasan farko shi ke nan ya dawo gida?

Mai Usur ya sake amsawa:

Ba wanda ke rubuta sunansa da kansa, Malam. Hukumar kokawa ta ƙasa ce kaɗai ke shigar da ɗan wasa gasar UWW, mutum ɗaya a kowane aji. Don haka matakin farko ku yi rajistar ƙungiyarku a reshen hukumar na yankinku, yaran su samu lasisi, su yi gasar yanki da ta ƙasa, a can masu zaɓe ke ganinsu. Daga nan gasar Afirka, sannan ta duniya. A fara neman fasfo da wuri, kuma ranar haihuwar da ke takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da fasfo ta zama ɗaya, don da shekarar haihuwa ake raba aji, saɓani kaɗan ya isa a ajiye yaro.

Olamfik ƙofarta ƙunci gare ta. A Faris mutum 16 ne a kowane aji: biyar daga gasar duniya ta Belgired a 2023, bibbiyu daga kowace gasar nahiya, uku daga gasar ƙarshe a Istanbul. Afirka da Oshiyaniya haɗe aka yi musu tasu a Iskandariyya, gurbi biyu kacal a kowane aji.

Wanda aka kayar ba lallai ya gama ba. Idan wanda ya kayar da kai ya kai wasan ƙarshe, ana dawo da kai cikin masu neman tagulla, kuma tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Saboda haka yaron da ya faɗi da safe kada ya je ya cika cikinsa, ya jira a gama wasannin kusa da na ƙarshe, don in an dawo da shi sai ya hau sikeli gobe. In 'yan ajin ba su kai shida ba, kamar yadda kan faru a wasu azuzuwan gasar Afirka, kowa da kowa ake karawa.

Wanda zai zauna musu a kusurwa shi ma ya koyi ƙorafi. Yana da daƙiƙa biyar bayan maki ya hau allo ya nemi a duba bidiyo. In ya yi daidai damarsa na nan, in bai yi ba ta tafi kuma an ƙara wa abokin karawa 1. Ba a ƙorafi kan hukuncin noƙewa. Kada ya yi ƙorafi don 1 a farkon wasa, ya adana damar don inda ake jayayya tsakanin 2 da 4, ko daƙiƙun ƙarshe da maki ɗaya ke raba su.